Sabuwar Tashar Jirgin Saman Jidda: Abin da Na Gani da Na Raka Inna Umara

Duk wanda ya sauke farali shekarun baya, idan aka ce masa filin jirgin Jidda, abin da zai faɗo masa a rai shi ne waɗancan fararen rumfuna masu siffar tanti, da dogayen bencina, da alhazai zube a kan dardumarsu kowa ya yi matashi da jakarsa, ana jiran a kira sunan jiha. Ni ma hoton da ke kaina ke nan tun aikin Hajjin da na yi. Don haka da Allah ya nufe ni da raka mahaifiyata Umara, sai na yi mata shirin dogon zama: darduma, mayafi mai kauri, da ɗan abin taɓawa a jakar hannu. Dardumar nan ba mu shimfiɗa ta a filin jirgi ba. A sabon ginin da ake rubutawa T1 a jikin tikiti aka sauke mu, kuma tun daga ƙofar jirgi na gane cewa wani wuri ne daban da wanda na sani.

Kafin in shiga labarin, akwai abin da ya kamata kowane matafiyi ya riƙe. Filin jirgin Sarki Abdul'aziz, wanda ke arewa da birnin Jidda, an buɗe shi ne a 1981, ya maye gurbin tsohon filin da ke Kandara a cikin gari. Sunan ɗaya ne, amma gine-ginen fasinja ba ɗaya ba ne. Akwai wannan sabuwar tashar, akwai Tashar Arewa da wasu kamfanonin jiragen ƙasashen waje ke amfani da ita, sannan ga Tashar Alhazai mai rumfuna. Tsakaninsu ba tafiyar ƙafa ba ce, sai an hau mota. Duk abin da zan faɗa a nan, a kan sabuwar nake magana. Idan wani ya ce maka shi bai ga abin da na gani ba, ka tambaye shi a wace tasha aka sauke shi.

An fara gwada ta da 'yan jiragen cikin gida a watan Mayun 2018, sannan Sarki Salman ya buɗe ta a hukumance a watan Satumban 2019. Faɗinta murabba'in mita 810,000, an tsara ta don ɗaukar fasinja miliyan 30 a shekara, tana da ƙofofin shiga jirgi 46. Hasumiyar da ake ba jirage umarni daga cikinta kuwa tsawonta mita 136, tun kana cikin jirgi ana gangarawa da kai za ka hango ta. Na taɓa karanta waɗannan lambobin, amma sai da ƙafata ta auna su na san me suke nufi.

Babu sauka ta matakala zuwa ƙasa, babu cunkuso a cikin bas. Gada mai rufi ce ke manne wa jikin jirgi, ka fito kai tsaye cikin gini. Abin da ya fara marabtar mu sanyi ne. Ni ina cikin harami, ƙyalle biyu kawai a jikina, sai da na ji shi har ƙashi. A nan mayafin da na ɗauko wa Inna ya yi rana. Namijin da ya ɗaura harami ma yana iya yafa bargo a kafaɗa, kai ne dai ba ya rufewa, don haka kada wani ya zauna yana karkarwa a banza.

Tun lokacin yankan tikiti na nemi a rubuta cewa Inna na buƙatar keken turawa, na kuma sake tunatarwa a Kano wurin awon kaya. Gwiwoyinta sun daɗe suna damunta, ko sallah a zaune take yin wasu. Muna fitowa muka tarar da kekuna a jere a bakin gadar, kowanne da mai tura shi. Wanda ya zo mana saurayi ne dogo, baƙi, sanye da rigar aiki. Ya duba takardar hannunsa, ya dubi Inna, sai na ji ya ce, "Hajiya, sannu da hanya. Zauna a nan, a hankali." Hausarsa tana da nauyin Larabci a harshe, amma tsaf take fita.

Inna ta ɗago ta kalle shi da kyau. "Ɗan nan, kai kuma daga ina?"

"A Makka aka haife ni, Hajiya. Kakanmu ne ya zo a ƙasa."

Ya durƙusa ya ɗora mata ƙafafu a kan matakin keken ɗaya bayan ɗaya, ya tattare bakin hijabinta ya cusa a gefe don kada taya ta ci shi, sannan ya saki birki. Wannan tattare hijabin ya tsaya mini a rai, domin abu ne da sai wanda ya saba hidimar tsofaffi yake tunawa da shi. Muna tafiya Inna na ta yi masa tambayoyi, shi kuma yana amsawa da ladabi. Irin kakanninsa su ne mutanenmu da suka riƙa ratsa Chadi da Sudan da ƙafa, suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago su sami guzuri, har su kai gaɓar Bahar Maliya a Sawakin su tsallaka a jirgin ruwa. Wasu shekaru suke yi a hanya, wasu kuma da suka iso ba su koma ba. Mu ga shi mun bar Kano mun iso a yini guda, har muna gyara agogo saboda sun riga mu da awa biyu.

Tafiyar da ke cikin ginin ba ƙarama ba ce, wannan gaskiya ne. Ka ɗauka kamar ka ratsa Kantin Kwari daga wannan baki zuwa wancan, sai dai babu turereniya, babu rana. Akwai shimfiɗaɗɗun hanyoyi masu tafiya da kansu a wasu wurare, ka tsaya a kai su ja ka. Sannan ga wani ɗan jirgin ƙasa mara direba da ke jigilar fasinjojin ƙasashen waje daga ɓangaren ƙofofi zuwa babban gini. Ƙofarsa daidai take da daɓen tasha, keken Inna ya shige ba tare da an ɗaga shi ba. Na lura da wannan a ko'ina: duk inda aka sa matakala, akwai lifta kusa da ita. Daga ƙofar jirgi har muka fita, ba a taɓa cewa Inna ta tashi ta taka ba.

Wurin jami'an shige da fice zaure ne mai faɗi, kantoci a jere da yawa. Masu keke suna da layinsu, kuma an bar ni na bi ta a matsayin ɗan rakiya. Mace ce ta karɓi fasfonmu. Ta ɗauki hoton Inna, sannan aka zo ɗaukar zanen yatsu. Na'urar ta ƙi karanta su. Hannun da ya yi shekaru yana wanki da tuƙin tuwo, ga sanyi ya busar da shi, zanen duk ya shafe. Gabana ya ɗan faɗi, don na san yadda irin wannan ke tsayar da mutum. Jami'ar ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi tsaki ba. Ta nuna wa Inna da hannu ta goga yatsun a goshinta, ta sake ɗorawa. Aka gwada, aka sake gwadawa, har fitilar ta nuna an dace. Ta buga hatimi, ta miƙo fasfo tana yi mana addu'ar Allah ya karɓa. Inna ta ce mata, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan," saurayin ya fassara, ta yi murmushi.

Shawarata a nan, a buga bizar a takarda a riƙe a hannu tare da fasfo, haka sunan masauki da lambar wayarsa. Waya tana iya mutuwa, ko a rasa intanet a daidai lokacin da ake nema.

Ɗaukar kaya ba wani dogon labari. Allo yana nuna lambar jirgi da lambar bel ɗin da kayan za su fito. Matsalar tamu ce: jakunkunan mutanenmu duk iri ɗaya, kasuwa ɗaya aka saya. Ƙyallen atamfa ja da yayata ta ɗaura wa namu a hannu shi ya cece mu. Kwastan suka saka su a na'ura, muka wuce.

Ana fitowa zauren masu isowa sai ga abin da kowa ke ɗaukar hotonsa. Wata ƙatuwar rijiyar gilashi ce a tsaye, tsawonta mita 14, faɗinta mita 10, cike da ruwa da kifayen Bahar Maliya. Inna ta ce a tsaya. Saurayin ya matsa da ita har gwiwarta ta kusa taɓa gilashin. Akwai masu rawaya da ratsin baƙi, akwai shuɗɗa, akwai wani mai faɗi da ke kaɗa gefensa a hankali yana wucewa ta saman kanmu. Ita da ta san tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa, ba ta taɓa ganin kifin teku da rai ba. Ta daɗe tana kallo, bakinta na motsi, tasbihi take yi. Daga baya ta ce da ni, "Auta, ashe duk wannan yana ƙarƙashin ruwan da muka tsallako." Na ji wani a bayanmu yana cewa wannan ai almubazzaranci ne. Ban yarda da shi ba. Mutum ya fito daga doguwar tafiya a gajiye, abin da ya fara gani ya sa shi ambaton Allah, wannan ba asara ba ce. Ga shi kuma yana da amfani na zahiri: a gini mai girman wannan, babu alamar haɗuwa da ta fi shi. Ka ce wa abokin tafiyarka, idan mun rabu mu haɗu a wurin kifi, ko bai iya karatu ba zai gane.

Abin da na fi sa wa ido a kowane wurin taruwar jama'a shi ne banɗaki da wurin alwala, domin a nan ake gane ko an yi tunanin irinmu lokacin gini. A nan an yi. Banɗakunan da na shiga tsaf suke, da tiyon ruwa a kowane ɗaki, ba sai ka nemi buta ba, kuma masu shara ba sa nisa. Wurin alwala daban yake, da wurin zama a gaban kowane famfo, yadda tsoho zai wanke ƙafa ba tare da ya tsaya da ƙafa ɗaya yana neman abin dafawa ba. Ɗakunan sallah na maza daban, na mata daban, kuma a warwatse suke cikin ginin, ba sai ka koma can farko ba. Akwai banɗaki mai faɗi na masu keke. Wata baiwar Allah 'yar Indunusiya da ke kusa ta taimaka ta shiga da Inna ɓangaren mata, suka fito suna ta magana da hannu suna dariya.

Tunda an zo maganar harami: mu tun daga Kano na ɗaura nawa, muka yi niyya a sama lokacin da aka sanar a jirgi cewa an kusa daidai da miƙati. Na ga wasu suna sauya kaya a nan filin jirgin. Malamai sun yi magana a kan ɗaukar harami daga Jidda ga wanda ya zo ta sama, kuma ba bakinsu ɗaya ba. Wannan a tambayi malami tun a gida, kada a bari sai an sauka a tsaya ana gardama a ƙofar banɗaki. Wanda zai fara da Madina kuwa babu ruwansa da wannan, sai ya zo fitowa ya ɗauka a Zul-Hulaifa.

Kantunan layin waya suna nan a zauren, STC da Mobily da Zain, da fasfo ake yin rajista. Akwai wurin canjin kuɗi da na'urorin cirar kuɗi. Amma ni tun daga Wapa na canzo 'yan riyal ƙanana, kuma na ji daɗin hakan, don ruwan sha da shayi ba sa jiran ka gama bin layi. Shayin da na saya wa Inna a wani shago ya yi tsada ƙwarai idan aka kwatanta da na cikin gari. Haka abincin filin jirgi yake a duk inda na sani.

Da ka doshi ƙofar fita za ka fara jin "Makka, Makka, Haram." Wasu mutane ne ke tare baƙi suna neman fasinja. Ɗaya ya kama hannun jakata tun ban ce masa komai ba, kuɗin da ya faɗa kuwa ya ninka abin da na san ana biya. Na ce masa a'a cikin lumana, na riƙe kayana. Kada ka ba kowa fasfonka, kada ka bi wanda ba ka san motarsa ba zuwa wurin ajiye motoci. Akwai tasi na hukuma a layinsu, akwai Uber da Careem ga mai waya.

Mu ba mota muka hau ba, kuma a nan ne wannan tashar ta gama saye ni. Tashar jirgin ƙasan Haramain a manne take da ginin. Ba ka fita rana, ba ka tsallaka titi, alamu kawai za ka bi da kayanka har ka isa. Layin dogon nan kusan kilomita 450 ne tsakanin Makka da Madina, an buɗe shi a 2018, jiragen kamfanin Talgo na Sifaniya ne, suna gudun da ya kai kilomita 300 a awa. Daga filin jirgi zuwa Makka bai cika awa guda ba, zuwa Madina kuma wajen awa biyu. Wanda ya taɓa yin tafiyar Jidda zuwa Madina a bas, ya kwana a zaune ƙafa ta kumbura, shi zai san darajar wannan.

Tun a gida na sayi tikitin ta intanet, na bar tazara mai yawa tsakanin saukar jirgin sama da tashin jirgin ƙasan, saboda ba ya jiran kowa kuma ana rufe ƙofa kafin lokacin tashi. Kowa da lambar kujerarsa. Saurayin nan ya kai mu har iyakar inda aikinsa ya tsaya, ya damƙa mu ga ma'aikatan tashar, ya ce, "Hajiya, a sa mu a addu'a a gaban Ɗaki." Inna ta riƙe hannunsa ta daɗe tana sa masa albarka. A cikin taragon kusan kowa fari ne fat da harami. Wani dattijo ya fara Labbaika a hankali, na kusa da shi ya karɓa, kafin a jima taragon duka ya ɗauka, ga duwatsu da rairayi na wucewa ta taga. Na juya na ga hawaye a fuskar Inna, ban ce mata komai ba. Kafin ta gama shanye ruwan da ke hannunta an sanar da isowa Makka.

Abu biyu dai a sani. Tashar Makka a unguwar Rusaifa take, ba a bakin Harami ba, sai an ƙara da tasi ko bas na 'yan kilomitoci. Sannan jirgin yana da ƙa'idar kaya: babbar jaka ɗaya da ba ta wuce kilo 25 ba, da ta hannu. Ga mai zuwa Umara da kaya kaɗan, babu abin da ya fi shi. Ga wanda ya yi lodin tsaraba zai koma, ko ayari mai yawa, mota ta fi sauƙi.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. A jirginmu akwai wani dattijo, da ganinsa daga ƙauye ya fito, ya rungume wata jakar leda mai ɗauke da takardunsa. Ta wani kamfanin jirgin yawo ya zo, ba zan kama suna ba. An karɓi kuɗinsa, an miƙa masa biza da tikiti a filin jirgin Kano, an ce wani zai tare shi a Jidda. Iyakar bayanin ke nan. Ba a nema masa keke ba alhali da sanda yake tafiya. Ba a gaya masa akwai ɗan jirgin ƙasa a cikin ginin ba, don haka da ya ga mutane na shiga sai ya tsaya a baya, yana tsoron kada a wuce da shi wani gari ba tare da kayansa ba. Na koma na kamo hannunsa na ce, "Baba, taho, duk hanyarmu ɗaya." A wurin kifi muka sake ganin sa a tsaye, babu layin waya, lambar wanda zai tare shi kuma tana rubuce a bayan wata takarda. Da wayata aka kira, sai da aka jima kafin mutumin ya ɗauka. Ba mu bar wurin ba sai da ya zo.

Abin ya dame ni har yanzu. Tsohuwar Tashar Alhazai, duk da dogon jiran da ke cikinta, an gina ta ne don ayari. Rumfunanta 210, injiniya Fazlur Rahman Khan ɗan asalin Bangaladash na cikin waɗanda suka tsara ta, an bar gefenta a buɗe don iska ta riƙa ratsawa, har ta ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1983, kuma har yau ita ke karɓar alhazai lokacin Hajji. A can ba ka buƙatar sanin komai. Kana cikin 'yan jiharku, ga jami'an hukumar alhazai, ga tuta, inda aka bi nan za ka bi. Sabuwar kuwa an gina ta ne don mutum ɗaya mai tikitinsa a hannu, wanda zai ɗaga kai ya karanta allo da Larabci ko Turanci, ya san lambar bel ɗinsa, ya san ƙofarsa. Ga irin wannan matafiyin, ta rage masa wahala ƙwarai da gaske. Ga tsohon da bai yi boko ba, wanda Larabcinsa na karatun Alƙur'ani ne ba na allon filin jirgi ba, sauƙin nan ba ya isa gare shi sai da ɗan jagora.

Jagoran nan kuwa haƙƙi ne a kan waɗanda suka karɓi kuɗinsa. Me zai gagara a naɗi saƙon murya na minti biyar da Hausa a tura wa kowane maniyyaci ta WhatsApp, ko a tara su kwana ɗaya kafin tafiya a yi musu bita? A ce musu ga tashar da za ku sauka, za ku hau ɗan jirgi a ciki kada ku ji tsoro, ga inda za ku tsaya, ga sunan mai tarbar ku. A tambayi kowa ko yana iya doguwar tafiya, a nema wa mai buƙata keke tun wurin yankan tikiti. A haɗa kowane tsoho da wani mai jini a jika a cikin ayarin. Mu ma 'ya'ya da ke biya wa iyaye kujera, biyan kuɗin ba shi ne ƙarshen hidimar ba. Idan ba za ka iya raka su ba, ka san hannun wanda ka damƙa su.

Ranar komowa ta sama muka shiga, don hawan masu tafiya daban yake da na masu isowa. Direban da ya ɗauko mu daga masauki sai da ya tambaye ni wace tasha, na nuna masa tikiti. Wannan tambayar a tabbatar an amsa ta daidai, domin wanda aka sauke a Tashar Arewa alhali jirginsa na T1, ko akasin haka, zai iya rasa jirgi yana cikin filin jirgin. Zauren awon kaya yana da kantoci 220, rufinsa can sama, haske ko'ina. Allo zai nuna maka layin kamfaninka. A nan na ga abin da aka saba gani: mutanenmu durƙushe a ƙasa an buɗe jakunkuna, ana fitar da dabino da jallabiyoyi da dardumai ana sauya musu wuri saboda kilo ya haura. Ɗan ƙaramin sikelin hannu da na saya a Makka ya raba ni da wannan, tun a masauki na auna komai.

Zamzam a nan filin jirgin ake saye, galan mai lita 5 a cikin kwalinsa a rufe, ɗaya ga kowane mai Umara, kuma sai an duba fasfo. Shi ne wanda ake karɓa a saka a cikin kaya. Wanda ka ɗura da kanka a jarka ka cusa cikin jaka, kana iya jawo a buɗe maka kayan gaba ɗaya. A sayi zamzam ɗin kafin a shiga layin awo, a rubuta suna da lambar waya a jikin kwalin da babban alƙalami, domin a Kano kwalaye iri ɗaya ne za su fito da yawa a lokaci guda.

Bayan an buga fita akwai kantunan turare da agogo da alawa, akwai wuraren cin abinci, akwai lambu mai itatuwa a tsakiyar ginin, har da otal a ciki ga mai dogon jira. Kujerun jira suna da wurin cajin waya, kuma soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu na Najeriya, ba sai ka nemi mahaɗi ba. Kada dai kantuna su ɗauke maka hankali. Ka fara zuwa ka ga ƙofar jirginka da idonka, ka san nisanta, sannan ka dawo ka sayi abin da za ka saya. Mu da keke ma sai da muka ɗauki lokaci kafin mu isa tamu, muka yi sallah a ɗakin da ke kusa da ita, Inna ta miƙe ƙafa a kujera har aka fara kira.

Tafiyarmu ba a Ramadan ba ce. Mai niyyar zuwa cikin azumi, musamman goman ƙarshe da kwanakin bayan Sallah da kowa ke son komawa gida lokaci guda, ya ƙara awanni a kan lissafinsa na zuwa filin jirgi, ya sayi tikitin jirgin ƙasa tun da wuri don kujeru na ƙarewa, kuma idan da tsoho zai tafi ya sa a rubuta masa keke a zuwa da komowa duka, ya sake tabbatarwa a wurin awon kaya.